Motar Mamaci

Talata, bayan la'asar

Mota ba ta kwana gida ba. Yakuba ma bai zo ba. Tun da maigidana Alhaji ya rasu bara, direban ga bai taɓa barin magariba ta wuce bai aje taksi ƙofar gida ya miƙo mini makulli ba, ko da zazzaɓi yake. Jiya na aje mishi furar shan ruwa har ta yi tsami.

Da hantsi matarshi Zeinabou ta zo daga Lamorde. Ba ta bi gada ba, ta cikin gulbi ta ratso da ƙafa, ta ce ruwan ko idon sawu bai kai ba. Ta ce Yakuba ya buge mutum a Gaweye, bakin gada. Buhun dawar taimako ya fashe bisa kamiyo, babbar motar kaya, hatsi ya zube kan gudoro tsakiyar titi, mutane sunka afka da ƙorai, wani tsoho ya faɗo gaban mota. Bai mutu ba. Yakuba na komisariya, hannun polis. Mota na furiyar, can inda polis ke tara motocin da sunka kama.

Na ce ta zauna. Ta ce ba zama ya kawo ta ba. Ta ce polis sun ce takardar asirans, wato inshorar mota, ta mutu tun kafin azumi.

Na ce to.

Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta ce hannun tsohuwa in bai yi rubutu kullum ba, komawa yake jahili. Shi ya sa nake rubutawa. Ba don komi ba.

Laraba, da hantsi

Ɗana ya biyo kafin ya tafi biro, wurin aikinshi. Ko tabarma bai taka ba, tsaye ya yi maganarshi.

"Inna, takardun motar ga hannun wa suke?"

Na ce cikin mota suke kwana, Yakuba ke riƙe da su.

"To shi ke nan. In anka tambaye ki, abin da za ki ce ke nan. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na ce mi ya yi zafi. Ya sassauta murya don dangin da ke tsakar gida kada su ji. Ya ce kin san lokacin da muke ciki. Kin ji sunayen ma'aikatan da soja sunka karanta a radiyo, waɗanda anka kama suna aikin gwamnati suna kasuwanci. Ya ce don haka ya bar motar da sunan ubanshi har yau. In anka tona, gado nashi ne, mota tashi ce, ga shi ma'aikaci, ga taksi ba asirans, ga mutum kwance. Ya ce ba kora kaɗai ba ce, Inna, har da kaso.

Na ce mota ta Alhaji ce. Ya ce Alhaji ba ya zuwa komisariya.

Bai tambaye ni ko Yakuba ya taɓa yi mini maganar takardar ba. Na lura bai tambaya ba. Yaro ne mai wayo tun yana makarantar lakwal.

Laraba, bayan shan ruwa

Ba hadari ko kaɗan. Sama fes kamar tasar da anka wanke.

Alhamis, da azahar

Alhaji ranar ruwan shuka ya sayi motar ga. Daga nan duk shekara in anka yi ruwan farko sai ya ce, "Ke, ɗauko mini kuɗin asirans." In ɗauko. Ya tafi, ya dawo da riga jiƙe da sabuwar takarda cikin hula. Haka na gani shekara da shekaru. Ruwa, asirans. Kamar azumi da salla. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce watan Nasara ake dubawa.

Kuɗin na nan ƙarƙashin tasoshi. Ko dala ban taɓa ba, duk tsadar hatsin ga. Wanga a rubuta shi.

Bana ruwa bai zo ba. Ni na hana shi zuwa?

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na ƙulle kuɗin a bakin zane na tafi biron asirans da kaina. Ban gaya ma ɗana ba. Taksin wani na shiga, na biya kamar kowa. Direban na tafiya yana ba fasinja labarin wani ɗan'uwansu da anka kama a Gaweye. Na duba waje.

Wata yarinya ce bayan tebur, farce ja, cikin azumi. Na kwance zane na zube mata. Na faɗa mata motar, na ce ga kuɗinku, ku karɓa, amma ku rubuta tun wancan watan.

Ta ce, "Hajiya, mun ji labarin motar ga. Polis sun riga ki zuwa, sun duba, mun ba su amsa."

Na ce to ku sake ba su wata. Kuɗin tun bara suke aje, ba yau na samo su ba.

Ta yi dariya, ta kira wani ta faɗa mishi da Faransanci, shi ma ya yi. Ya ce, "Hajiya, in gida ya ƙone sannan kin zo da tulu, mu mi za mu yi miki?"

Yarinyar ta ce ko sabuwa nake so, sai mai mota ya zo ya sa hannu. Na ce ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙanshi, amma mamaci ba ya sa hannu. Ta taya ni tattara kuɗin. Ba muguwa ba ce.

Na dawo da su inda suke.

Asabar, da safe

Na aika ma Yakuba tuwo da dabino. Ni ban je ba. Gwiwa.

Lahadi, bayan la'asar

Zeinabou ta kawo kwanonin. Ta wanke su, har ta share mini tsakar gida ban sa ta ba. Bazabarma ce, Hausarta a karkace take, amma abin da take so ta faɗa yana fita sarai.

Ta ce, "Yakuba ya ce a gaida Inna. Ya ce kada ki sa damuwa, hawan jini."

Na ce ina amsawa.

"Ya ce polis sun ce shi ya ɓoye ma masu mota takarda ta mutu. Wai haka ɗanki Mushe Haruna ya faɗa musu. In haka ne, laifi duka kanshi, buge mutum da yawo ba asirans. In kuwa masu mota sun sani sunka ƙi biya, nashi da sauƙi, don tsohon ne ya faɗo mishi, kowa ya gani."

Na ce Allah ya kyauta.

"Na ce mishi ka faɗi gaskiya mana. Ya ce ba zai ja da Mushe gaban polis ba, a gidanku ya girma. Ya ce Inna ta san komi, in sunka kira ta za ta faɗa."

Tana maganar tana kallon tsintsiya, ba ni ba. Na ba ta mudun shinkafa. Ta ce fofo, godiyarsu ta Zabarmawa. Shinkafar ɗana ce.

Litinin, da hantsi

Gwiwa ta yi sauƙi, na je furiyar. Fili ne da waya zagaye, motoci jere cikin rana. Tamu na can ƙarshe. Sun kwance mata lamba gaba da baya. Ban san mota ba lamba haka take ba, kamar mutum ba haƙori.

Mai gadin ya ce, "Ke ce ta motar mamaci? Haka muke ce mata nan." Ya ce kartigiris, takardar da ke nuna mai mota, tana hannun babban polis, an dakatar da ita. Ba lamba, ba fita, sai an samu mai mota mai rai da asirans mai rai. Na ce in ba a samu ba fa? Ya nuna mini wata da ciyawa ta taɓa fitowa ta cikinta ta bushe.

Na leƙa. Carbin Alhaji na rataye inda yake. Kujerar baya jini ya bushe, don Yakuba da kanshi ya ɗauki tsohon ya kai shi asibiti sannan ya kai kanshi komisariya. Wani direban da gudu zai yi. Har yanzu akwai jar dawa maƙale cikin taya, tsuntsaye na tsattsaga.

Talata

Ban rubuta komi ba yau.

Laraba, bayan la'asar

An yi roƙon ruwa a filin idi. Maza sun juya riguna, an fito da yara da tsofaffi da 'yan awakin da sunka rage. Liman ya ce kowa ya duba abin da ke tsakaninshi da ɗan'uwanshi, don zalunci ke riƙe ruwa. Matar da ke kusa da ni ta ce 'yan kasuwa masu ɓoye hatsi yake nufi. Na ce ƙwarai.

Alhamis, bayan shan ruwa

Na dama fura na kai asibiti. Na ce ma mai gadi dubiya na zo, tsohon da mota ta buge a gada. Bai tambayi ko ni wace ce ba.

Sunanshi Oumarou, mutumin wajen Tawa. An yanke ƙafar daga gwiwa. Likita ya hana shi azumi, ya karɓi furar ya sha kamar ba za a ƙara ba. Ya goge baki ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na ce daga Wadata, sadaka ce.

Mutum ne mai surutu. Ya ce shanunshi ɗaya bayan ɗaya sunka kwanta, ta ƙarshe ya yanka ta tana numfashi, ba a samu abin miya jikinta ba. Ya taso da iyali da ƙafa har Yamai.

"Ƙafar ga ta kawo ni tun daga Tawa, ta ga ta gama aikinta, ta ce sai wata rana."

Na gadon kusa sunka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Kin san wa ya buge ni? Mamaci! Wallahi polis ya ce mai motar ya rasu tun bara. Masu rai sun ƙi ni, matattu sun ƙi ni, ina zan sa kaina?"

Na ce direban fa?

"Kai, yaron kirki. Kuka yake kamar shi anka buge. Ni na faɗa mishi, ido na kan dawa. Na gaya ma polis. Sunka ce ba wannan ba ce maganar yanzu, maganar takarda ce. Wai da takardar na da rai da an biya ni ƙafa. Ashe har ƙafa kuɗi gare ta garin ga." Ya miƙo ƙwarya. "Allah ya saka miki. Ke kaɗai kinka zo da ba dangina ba."

Na ce amin. Na manta ƙwaryar can.

Juma'a, da hantsi

Wata Asabar ce kafin azumi. Ina tankaɗe.

A'a. Ba yau ba.

Asabar, da azahar

Ɗana ya aiko da buhun shinkafa da galan na mai. Dangin Alhaji da sunka gudo daga ƙauye tun rani suna nan cike da tsakar gida, har rumfar awaki an share an shimfiɗa tabarmi. Duk bakin ga albashin yaron ga suke ci. Na tsaya ina kallo ana rabon tuwo, yara na lashe hannu har gwiwar hannu. Ba su san Yakuba na tsare ba. Ɗaya ta tambaye ni ina mai mota da ke ba su alewa. Na ce ya yi tafiya.

In anka kori ɗana, waɗanga ina za su? Bakin gada, su ma su bi kamiyo da ƙorai.

Ba ina kare kaina ba ne. Lissafi ne kowa zai iya yi.

Lahadi, bayan azahar

To, bari in rubuta in huta.

Ina tankaɗe, Yakuba ya shigo ya durƙusa da takarda a hannu. Ya ce, "Inna, lokacin asirans ya yi. Wani mai karatu a tasha ya duba mini, ya ce sati mai zuwa za ta mutu."

Na ce ka ga ruwa?

Ya ce, "Inna, ba da ruwa take ba, da wata take."

Na ce kai ɗan jiya, ni za ka koya ma motar Alhaji? Mutumin da ya saye ta bai taɓa biya ba sai ƙasa ta jiƙa. Ka ga ruwa?

Da na tsaya nan da ya sake dawowa, na san halinshi, da ya je ya samu ɗana a biro. Amma ban tsaya ba. Ranar raina a ɓace yake, an ƙara ma gero kuɗi. Na ce ko dai kuɗin ne kake so su kwana hannunka?

Gaban matan gida na faɗa mishi haka. Yaron da ya zo gidan ga yana karen mota, Alhaji ya yi mishi parmin tuƙi, ya yi mishi aure, bai taɓa cin dala tamu ba. Ya ninke takardar ya sa aljihu. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna." Bai ƙara tada maganar ba, ga ni ko ga kowa.

Na rubuta. Ban huta ba.

Litinin, bayan la'asar

Zeinabou. Ta ce an aske mishi kai. Ta ce yana azuminshi.

Laraba, da hantsi

An yi ruwa jiya da la'asar. Ba mai yawa ba, amma ya yi ƙamshi, ya cika kwatami. Duk Wadata ta fito, 'yan dako na rawa cikin taɓo, mata na guɗa, dangin Alhaji har sun fara maganar komawa gida shuka, ba su da ko iri.

Ni ban san lokacin da na shiga ɗaki na ɗaga tasoshi ba. Sai ganina na yi tsaye da kuɗi a hannu, ba wanda zan miƙa ma.

Alhamis, bayan shan ruwa

An kawo sammaci. Ran Litinin babban polis na son ganina.

Ɗana ya zo ya sha ruwa nan, abin da bai yi ba tun farkon azumi. Ya zo da 'yarshi ƙarama, ya aza mini ita a cinya. Na san dalili. Shi ma ya san na sani.

Ya ce ba ƙarya za ki yi ba, Inna. Kin iya karanta Faransanci? Na ce a'a. Kin san ranar da ke jikin takardar? Na ce a'a. Ya ce to. Ya ce in abin ya lafa shi zai kula da iyalin Yakuba, ba za su rasa komi ba, in ya fito a nema mishi wani aiki.

Na ce in sunka ce ya gaya mini fa?

Ya daɗe yana wasa da cokali. Ya ce, "Ni ban san wannan ba, kuma ba na so in sani."

Ya rame. Wuyan rigarshi ya yi mishi yawa. Ban taɓa ganin yana tsoro haka ba tun ranar kaciya.

Juma'a

In na faɗa, ɗana. In ban faɗa ba, Yakuba.

Asabar, da la'asar

Na je wurin malamin unguwa da niyyar tambaya. Na tarar da mutane cike ana maganar zakkar kono, mudu nawa ne bana da jar dawa ta halatta ko ba ta halatta ba. Da layi ya zo kaina na tambayi zakkar kono na taso.

Lahadi, da safe

Na wanke zanen da zan sa gobe. Na yanke shawara zan faɗi yadda anka yi. Yaro ya gaya mini, ni na hana. Magana ce gajera, ko minti ba za ta ci ba. Tsohuwa ce ni, mi za su yi mini.

Litinin, bayan azahar

Na je. Na dawo.

Talata, da hantsi

Ɗaki ne ƙarami da fanka ba ta juyawa. Babban polis na zaune, wani na buga keken rubutu. Bayanshi wani soja tsaye. Ɗana na bakin ƙofa. Anka shigo da Yakuba ba takalmi, anka zaunar da shi ƙasa. Ya ce, "Inna, ina kwana, ya azumi?" Na ce lafiya lau.

Babban polis ya yi mini ladabi, har ya sa anka kawo kujera. Ya ce ya san Alhaji a tasha. Ya ce motar wa ce? Na ce ta marigayi. Ya ce wa ke cin kuɗinta? Na ce ni. Ya ce ɗanki fa, ma'aikacin? Da ya faɗi haka sai sojan ya juya ya dubi ɗana. Duba kawai. Na ce ba ruwanshi, ko makulli bai taɓa riƙewa ba.

Ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya ta rage. Kina azumi, ina azumi. Direban ga ya gaya miki asirans za ta mutu, ko bai gaya miki ba? In ya gaya miki kunka ƙi, sai mu buɗe maganar magada, mu ga wa ke da motar ga da gaske."

Maganar na bakina. Jiya na shirya ta, na maimaita ta a hanya. Na ji ɗana ya yi tari bayana.

Na ce ni tsohuwa ce, ban san takarda ba.

Ya ce ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Ya gaya miki?

Na ce ban tuna ba.

Keken rubutu ya buga. Babban polis ya juya ga Yakuba ya ce kai fa, mi ka ce? Yakuba ya ɗago ya dube ni. Ba da fushi ba. Kamar mai jiran in ƙarasa magana. Ban ƙarasa ba. Ya mayar da kai ƙasa ya ce, "Yadda ta faɗa."

Anka sa ni dangwala yatsa. Na ce na iya rubuta sunana. Ya ce yatsa ya isa. Shuɗin bai fita ba har yanzu, na goge da toka.

Laraba

Azumin Litinin ban san ko in rama shi ba.

Ranar salla, da yamma

Ɗana ya kawo mini turmin atamfa. Jikoki sun zo, an ci, an sha. Zeinabou ba ta zo ba. Na aika mata da tuwon salla, ƙofar a rufe, maƙwabta sunka karɓa.

Asabar, da hantsi

An yanke ma Yakuba. An karɓe parmi, an kai shi gidan kaso. Ɗana ya ce sai ya ci wata sallar azumin a ciki, in Allah ya sa bai yi faɗa da kowa ba.

Na dama fura na koma asibiti. Wani ne kan gadon. Sunka ce an sallami Oumarou da sanda, iyalinshi sun ɗauke shi a kurar turawa. Ba wanda ya san inda sunka nufa. Na ba na kan gadon furar.

Talata, bayan la'asar

Mota ta dawo. Ɗana ya bi ta inda ake bi, an fidda sunan Alhaji an sa nawa a kartigiris, an yi sabuwar asirans, an mayar da lamba. Yanzu mai mota na da rai. Ya nuna mini ranar da yatsa ya ce shi zai riƙa dubawa. An wanke kujerar baya.

Ya kawo sabon direba, wani Garba, mai yawan dariya.

Alhamis, da azahar

Zeinabou ta zo. Ba ta ɗauki tsintsiya ba. Ta ce gobe ranar ziyara ce, ita za ta je. Ta ce ba ta ce in zo ba, faɗa mini kawai take.

Ban san abin da ya gaya mata ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, bayan magariba

Na je. Layi tun daga bakin hanya, mata da kwanoni a ka. Gardi na soka cokali cikin tuwon kowa. Anka kira sunanshi, ya fito bayan waya. Ya yi baƙi, ya yi tsawo. Ya gaida matarshi da Zabarmanci, ya tambayi yara ɗaya ɗaya. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Hajiya, ina wuni. An sha hanya."

Na duba bayana in ga da wa yake.

Ya ce, "Hajiya, an ce mota ta fito. Madalla. A gaya ma sabon direba batir ɗinta ya yi sanyi, in zai aje ta ya juya hancinta gangare, ko mutum ɗaya ya tura ta tashi. Kuma kada ya bari makanikin bakin tasha ya taɓa ta, ɓarawo ne."

Na ce to. Na ce Yakuba. Ya tsaya yana jira, kamar ranar nan. Gardi ya buga ƙarfe. Na ce ga tuwo, da kuka, yadda kake so.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "An gode, Hajiya."

Mun fito da Zeinabou, ta yi hanyar gada, na yi hanyar Wadata.

Garba na ƙofar gida yana goge gilashi, ya kawo makulli. Na ba shi saƙon batir da na makanike, ban rage komi ba. Ya yi dariyarshi ya ce, "An gama, Inna."

Na ce mishi Hajiya ake ce mini.